Tutar da ke Kan Tanki

Masu wayar da kai sun zo unguwar da rumfa, da lasifika, da riguna masu rubutu a ƙirji waɗanda ba su ishi kowa ba sai 'yan kwamiti da matansu. Suka yi jawabi a kan iskar da mutane ke shaƙa, suka nuna hoton huhu biyu, ɗaya fes, ɗaya kamar an manta da shi a kan wuta. Mata suka yi salati, maza suka gyaɗa kai. Kafin rana ta karkata sun kafa wata na'ura mai kama da akwatin mitar wuta a bangon ƙaramin asibitin unguwa, suka bar tutoci uku a leda, aka yi hoto, suka shige motarsu suka ɗaga gilashi.

Tutocin suka faɗa hannun Auta, ba don ta nema ba. Ita ce ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibitin, wayarta ce ke karɓar saƙon na'urar, kuma ita ce wadda in an ɗora mata abu a gaban jama'a ba ta iya buɗe baki ta ce a'a. Aikin ba wuya. Kowace safiya ta duba waya, ta hau tsanin tankin ruwan da ke bakin mararraba, ta ɗaura tutar da ta dace. Kore, iska lafiya lau. Rawaya, masu ciwon ƙirji su yi hattara. Ja, tsofaffi da yara da masu asma su zauna a ɗaki, a rufe tagogi. Unguwar kuwa tana matse ne tsakanin titin da manyan motoci ke bi da wani kamfanin fasa dutse, saboda haka duk ranar da iska ta tsaya cak, ja ce ke hawa. Ba a jima ba sunanta ya ɓace a bakin mutane, ta koma Mai Tuta.

Da farko ta ji daɗin abin, ko da yake ba ta gaya wa kowa ba. Innarta tana da asma, kuma yanzu ga wata hanya ta sanin ranar da za a fito da ita ta sha iska a ƙofar gida da ranar da za a bar ta a ɗaki.

Sai aka kira taro a garejin Ciyaman, shugaban kwamitin unguwa.

Ciyaman tsohon ma'aikaci ne wanda ya yi ritaya amma bai yarda ya yi ba. Yana zuwa taro da biro uku a aljihun gaba, ba a taɓa ganin ya cire murfin ko ɗaya ba. Ranar ya sa rigar masu wayar da kai a kan doguwar rigarsa, rubutun ya miƙe a kan tumbinsa har haruffan suka rabu da juna. Maganar da ta tara su ita ce shara. Motar kwasa ta daina shigowa unguwar tun da daɗewa, kowa yana ƙona tasa a inda ya ga dama, a ranar da ya ga dama, kuma masu wayar da kai sun ce ƙona shara yana ɓata iska.

Ana cikin surutu Mai Faci ya ɗaga hannunsa baƙi ƙirin. Shi ne mai gyaran taya a bakin titi, kuma shi ya fi kowa ƙone-ƙone, don yana babbake tsofaffin tayoyi ya cire wayar cikinsu.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Ranar ja kowa yana ɗaki, ko?"

"Yana ɗaki," in ji Ciyaman.

"Taga a rufe?"

"Ruf."

"Iskar kuma ta riga ta lalace, ba mu muka lalata ta ba?"

"Haka ne."

"To don me muke ƙona shara ranar kore, muna ɓata mai kyau? A tara ta mana sai ranar da ta riga ta ɓaci."

Auta ta ga yadda maganar ke shiga kawunansu ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwa yana bin rami. Ciyaman ya lumshe ido, ya buɗe, ya ce dama abin da yake shirin kawowa ke nan a ƙarshen taro, Mai Faci ya riga shi ne kawai. Aka tafa. Aka kuma yanke cewa maimakon kowa ya ƙona a ƙofarsa, a riƙa kaiwa kangon da ke ƙarshen layi, wani gini da mai shi ya kai iya taga ya gudu ya bari.

Kangon nan bangonsa ɗaya da gidan su Auta. Tagar Inna shi take kallo.

Auta ta ɗaga hannu, rabin ɗagawa. Muryarta ta fito kamar ta wadda ke neman aron gishiri.

"Baba Ciyaman, ai in an ƙara hayaƙi a kan wadda ta lalace, ƙaruwa za ta yi."

"Ƙaruwa zuwa ina, 'yata? Tuta nawa aka ba ki?"

"Uku."

"Bayan ja akwai wata?"

Aka bushe da dariya. Anti Mai Kitso, wadda ke tara buhunan gashin roba a bayan shagonta, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ke dai ki riƙa hawa tsaninki a hankali, ƙanwata. Tunanin ki bar wa manya."

Haka unguwar ta waye. Wayewar da ba a taɓa ganin irinta ba. Ranar kore ba mai kunna ko takarda, in yaro ya ƙyasta ashana a waje sai an ja masa kunne. Ranar ja kuwa tun Auta ba ta sauko daga tsani ba za ta hango su suna fitowa daga gidaje, da buhuna, da baro, da tsofaffin katifu, kowa da takunkumi a fuska kamar likita. Su juye a kango, su yayyafa kananzir, su kunna, su ruga gida su rufe taga, zuciyarsu fes, sun kiyaye lafiya. Har gaisuwa suka ƙirƙiro. "Ina kwana, ya ja?" "Ja alhamdu lillahi, mun rage kaya."

Ɗakin Inna ƙarami ne, amma nata ne. Gado a jikin taga, keken ɗinkin da ta daina takawa amma kullum sai ta goge shi, rediyon da ake ɗaure murfin batirinsa da zare, da kujerar da mijinta ya zauna a kai har ya bar duniya. Tagar mai jerin gilasai ce, biyu sun fashe an toshe da kwali. Auta ta sayi sababbi ta sa, ta bi gefe-gefe da tsumma ta cusa, ta rataya jiƙaƙƙen bargo. Hayaƙin taya bai san da wannan ba. Ta ƙarƙashin kwano yake shigowa, ta ƙasan ƙofa, ya kwanta a kan labule da matashin kai. Ta mayar da Inna ɗakin gaba a ranakun ja, ya bi su can. Inna ta zauna a bakin gado, kafaɗunta suna hawa suna sauka, ƙirjinta yana fito kamar tsohuwar buta a kan wuta, tana matsa abin shaƙarta har ya daina fitar da komai.

Ranar da abin shaƙar ya gaza, a bayan babur aka kai ta asibiti, Auta na riƙe da ita ta baya. Aka sa mata abin da ke feso magani ta hanci da baki. Likita ya dubi Auta ta saman tabarau, ya ce ƙirjin tsohuwar nan ba zai ɗauki irin wannan sau da yawa ba, ko a raba ta da hayaƙin, ko a raba ta da ɗakin.

Yaya ya iso da yamma, makullin mota a yatsa yana juya shi. Shi ne babban ɗan Inna, yana zaune a can ɗaya gefen gari, a saman bene.

"Ke da aka ce ke ce shugabar iska," ya ce wa Auta, "uwarki ce ta fara rasa ta?"

"Yaya, ba ni na ce su ƙona ba."

"Ban tambaye ki wanda ya ce ba. In aka sake, zuwa zan yi in ɗauke ta. Ba shawara na kawo ba."

Inna ta janye abin da ke fuskarta. "A ɗauke wa? A kai ni sama a ajiye kamar akwatin da ba a buɗewa? Matakalar gidanka in na hau ta, sai dai a sauko da ni a kwance. Wa na sani a can? Ni a ɗakina zan zauna."

"Inna, mayar da abin nan ki yi numfashi tukuna, sai ki yi faɗa."

Washegari Auta ta tafi gidan Ciyaman. Ta tarar da shi yana ba furanninsa ruwa, don ranar kore ce. Ta gaishe shi har ƙasa, ta yi bayani a hankali, ta roƙi a sauya wuri ko a daina gaba ɗaya. Ya saurare ta da fuskar tausayi wadda da gani ya daɗe yana gwada ta a madubi.

"Allah ya ba ta lafiya. Amma 'yata, tsari tsari ne. Jama'a sun waye, sai mu ce su koma duhu saboda taga ɗaya? Kin san masu wayar da kai sun kira ni? Na ba su labarin yadda muke girmama ranar kore, sun ce ba su taɓa jin unguwa irin tamu ba."

"Kun gaya musu abin da ake yi ranar ja?"

"Ba su tambaya ba." Ya shiga ciki ya fito da takunkumi ɗaya a leda. "Ungo, kai mata. Mai kyau ne, irin na 'yan kwamiti."

Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta tsani bakinta da ya yi godiyar.

Daga nan ta biya wajen Mai Faci. Yana durƙushe ya tsoma tayar babur a ruwa yana neman inda ke fitar da kumfa, bai ɗago ba.

"Ni me nawa a ciki, Mai Tuta? Ni bin doka nake. Na ga ja, na kunna. Ban ga ja ba, ban kunna ba. Ke ce fa kike hawa sama kina kiran mu. In ba kya so, ki daina sa ta mana."

Ya faɗa ne don ta tafi ta ba shi wuri. Ta tafi, maganar ta bi ta har gida.

Da iska ta sake tsayawa, wayarta ta nuna ja tun da sassafe. Sama ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka, ƙarar manyan motoci tana zuwa a daskare. Auta ta hau tsani da ledarta. Daga sama ta hango Anti Mai Kitso ta riga ta fito da buhu ɗaya bakin ƙofa, ta ɗaga kai tana jira. Auta ta sa hannu a leda, ta taɓa ja, ta wuce ta, ta zaro kore ta ɗaura.

Anti Mai Kitso ta yi tsaki, ta ja buhunta ta koma ciki.

Shi ke nan. Ba wanda ya ɗaga hanci ya shinshina, ba wanda ya dubi sama ya ce anya. Idanunsu suna yaji, maƙogwaronsu yana kaikayi, amma ƙyalle ya ce kore, to kore ce. Suka buɗe tagogi, suka shanya kaya, suka fito da kujeru. Ciyaman ya fita tattakinsa na motsa jiki da farin takalmi, yana buɗe hannuwa yana zuƙar iska har cikin ciki, yana tari, yana cewa, "Kai, yau garau!" Auta ta bi shi da kallo ta ji wani abu mai ɗaci da daɗi a lokaci ɗaya. Da ta ɗaura musu tsumman goge tukunya ma, da sun nemo masa ma'ana sun bi.

A gida ta rufe tagar Inna, ta ce yau kada ta fito.

"Na ji yara suna cewa kore ce," in ji Inna.

"Ki dai zauna a ciki."

Inna ta dube ta, ta dubi tagar, ta ɗauki tsumma ta shiga goge keken ɗinkinta. "Ni ban tambaye ki komai ba," ta ce. "Kada kuma ki gaya mini."

Daga ranar, jar tuta ta daina hawa. In abin ya yi tsanani Auta ta sa rawaya, don ta rage wa kanta nauyi. Inna ta samu sauƙi. Tana kwana ba fito a ƙirji, ta koma yi wa rediyo gardama, har ta ce a kira mata Yaya a waya don kawai ya ji muryarta ya san ba inda za ta.

Shara kuwa ta taru. Mutanen kirki, masu bin doka, ba wanda ya yarda ya ɓata ranar kore. Suka riƙa kaiwa kango suna jibgewa, a jira ja. Tulin ya wuce iya taga, ya kai inda rufi zai zauna da an yi rufi. Tayoyin Mai Faci suka yi gini nasu daban. Aka fara tare ta a hanya kamar ita ke riƙe da ruwan sama.

"Mai Tuta, yaushe za a yi ja ne? Ɓeraye sun fara gaishe mu da suna."

"Ki duba na'urar nan da kyau, ƙanwata, ko ta gaji."

Ciyaman shi murna yake. Ya ce tsarinsa ne ya gyara iskar unguwa baki ɗaya, har yana tunanin rubuta wa maƙwabtan unguwanni su zo su koya.

A asibiti ne abin ya fara daina ba ta dariya. Bencin jira ya cika da masu tari. Tsohon da ke gadin makarantar yara, wanda da yakan shige ɗakinsa ranar ja, aka kawo shi yana riƙe da ƙirji. Malamar yaran ta zo neman maganin ido, tana cewa ba ta san me ke damun ajinta ba, kullum suna waje suna wasa tunda iska ta yi kyau, amma rabinsu hanci na zuba. Auta ta karɓi kwalaben gwaji, ta manna musu suna, ba ta ɗaga kai ba.

Sai ga Anti Mai Kitso da rana tsaka, ba ɗankwali, ɗauke da 'yarta ta goye. Yarinyar ba ta kuka, ba ta da iskar yin kukan. Fatar da ke tsakanin haƙarƙarinta tana shiga tana fita, kuma sautin da ke fitowa daga ƙirjinta Auta ta san shi fiye da kowa a ginin nan.

"A waje take barci da rana, a gaban shago," Anti Mai Kitso ke gaya wa likita. "Tun da aka haife ta ranar ja ba na fito da ita, wallahi ba na fitowa. Amma kore ce fa, likita. Kullum sai na duba." Ta juyo ta ga Auta a bakin ƙofa. "Ga ta nan, tambaye ta. Ba kore ba ce, Mai Tuta?"

Auta ta ce ana kiranta a ɗakin gwaji.

Ta zauna a gaban madubin duba jini ba ta duba komai ba. Wautar matar nan ce ta kawo su nan, ita da buhunan gashinta da tafinta a gareji. Amma wautar ba ta hana ta ɗaga kai kowace safiya ta dubi tanki saboda 'yarta ba. A duk abin da aka zo aka koya musu da lasifika, wannan kaɗai suka riƙe daidai, shi ne kuma Auta ta karɓe.

Ta sake zuwa wajen Ciyaman da yamma, ta ce tulin ya yi girman da in aka kunna shi ba gidansu kaɗai zai sha ba, a nemo mota a kwashe. Ya ce za a sa a ajandar taro mai zuwa. Ta tambayi yaushe ne taron. Ya ce bayan an yi ja, a ga yadda tsarin ya ɗauki babban kaya.

Da gari ya waye wayar ta nuna ja, irin wadda lambarta ta wuce duk na baya. Auta ta tsaya a tsakar gida da wayar a hannu. Ta bangon tana jin warin tulin. Sannan ta nemo lambar Yaya.

Bai yi mata ba'a ba, abin da ya fi ba'ar ciwo. Ya ce ga shi nan.

Inna tana shan ruwan zafi ya shigo da jakunkuna biyu babu komai a ciki. Ta dube shi, ta dubi jakunkunan, ta ajiye kofin.

"Lafiyata ƙalau. Wa ya ce ka zo?"

Yaya ya buɗe durowa ya fara ninke zannuwa.

"Auta. Ke kika kira shi?"

"Inna, yau sai na sa ja."

"Jiya wace kika sa?"

"Akwai yara, Inna. 'Yar Anti Mai Kitso tana kwance."

"Da can babu yaran?" Inna ta miƙe da kanta, ta ture hannun da Auta ta kawo mata. "Kin iya ƙarya saboda ni, sai da na saba kika gaji. Matsa, in ɗauki mayafina."

A mota Inna ta zauna a baya, ta sa jaka a cinya, ta kafa ido a bayan kujerar direba. Yaya ya leƙo ta taga ya ce wa Auta in ta ga dama ta zo ƙarshen mako, akwai katifa. Motar ta yi kwana a mararraba, ta bi ta ƙarƙashin tanki, ta hau titi.

Auta ta jira har ta daina hango ta, sannan ta hau tsani ta ɗaura ja.

Wani ya yi ihu daga ƙarshen layi, wani ya karɓa. Ƙofofi suka buɗe. Mata suna kiran yara su shigo, ana jan tsofaffi zuwa ɗaki, tagogi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, tas, yadda aka koya musu. Maza kuma suka nufi kango da galan-galan, takunkumi a fuska, suna yi wa juna barka. Ciyaman ya fito barandarsa ya ɗaga mata babban yatsa, ya koma ciki ya ja labule.

Tana sa ƙafa a ƙasa ta tarar da Mai Faci a gindin tsani, galan a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana laluben aljihu.

"Sannu da aiki, Mai Tuta, Allah ya yi miki albarka. Kin ga gaggawa ta sa na fito haka nan. Ko kina da ashana a jakarki?"

Ta ce ba ta da ita.

"Ba komai," ya ce, ya wuce da sauri. "Wani zai samu."